Yadda za ka haɗa wa karenka ƙwalama a gida da kayan kasuwarmu

Salam 'yan uwa. Wannan na masu kare ne, ko na gadin gida ko na bin garke ko na farauta, musamman mu nan Garwa da kewaye, amma wanda ke Marwa ko Gaundare ko Kuseri har Njamena shi ma zai samu kayan a kasuwarsu tunda ba abin waje bane. Ƙwalama nake nufi, ɗan abin da kake miƙa wa kare in ya yi abin kirki ko kana koya masa wani abu, ba abincin cika ciki ba. Na fakiti da ake kawowa daga Duwala da Yawunde akwai tsada kuma ba kowane butik ke ajiye shi ba, alhali abin da za ka haɗa wanda ya fi shi yana nan wajen mahauta da masu dankali da masu kabewa.

Aikin ba wuya, wuyarsa ɗaya ce tak, riƙe hannu. Mu hannunmu ya saba, da an ɗora tukunya sai gishiri sai magi sai albasa sai yaji, wani lokaci ka zuba ma kafin ka tuna wa kake dafa wa, toh na kare ba a sa masa ko ɗaya daga cikinsu. Kar ka ɗanɗana ka ce ai wannan lami ne bari in ɗan gyara masa, shi da hanci yake cin abinci, ƙanshin hanta zalla ya ishe shi ya taso daga ƙarshen gida, kuma yawancin abin da ke sa mu santi shi cutar da shi yake.

Bari in fara da albasa don ita ce a cikin komai namu. Albasa da tafarnuwa da ganyen albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya ko soyayya ko busasshiya da aka daka duk ɗaya, wuta bata kashe abin, kuma abin da ke ruɗa mutane ba a ranar yake nunawa ba, sai bayan 'yan kwanaki ka ga kare ya yi laushi baya son tashi, yana haki, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa, sai a ce ai sammu aka yi masa ko maƙwabci ya ba shi guba alhali ragowar miyar gida ce da ake juye masa kullum. Don haka soya, wato tsire, da kilishi da dambun nama da ragowar farfesu duk ka cire su daga lissafi, na mutane ne, ga yaji ga gishiri ga albasa ga maiƙo.

Sai goro, wannan mutane da yawa basu sani ba. Abin da ke cikin goro mai hana barci shi ne a kafe da shayi, kuma akwai ɗan uwansa a shokola, jikin kare baya fitar da su da wuri yadda namu ke yi, sai zuciya ta kama bugu da sauri ga rawar jiki ga amai, in da yawa ya ci har farfaɗiya da mutuwa. Yara su ne ke miƙa masa burodi da shokola da safe don tausayi, dan Allah a gaya musu su daina. Inabi da zabibi suna kashe ƙoda ko kaɗan ne. Cingam da alewa da aka rubuta babu sukari a jiki, sau da yawa akwai wani sinadarin zaƙi a ciki mai suna zailitol, shi kuma yana kada sukarin jinin kare nan take har ya taɓa hanta. Ƙwallon mangwaro da na avoka da totuwar masara suna toshe hanji sai an yi tiyata. Sai dafaffen ƙashi, musamman na kaza da na zabo, na san za a ce ai tun kaka da kakanni kare ƙashi yake ci, gaskiya ne, amma ƙashin da ya dahu ko ya gasu tsagewa yake ya yi tsini, yana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ya huda hanji, kuma karen da hakan ta same shi ba wanda ke sanin dalili, mutuwa kawai ake gani.

Toh yanzu abin da za a yi. Wanda ya fi komai a wajena busasshiyar hanta da huhu, in kana da hali ka haɗa da zuciya. Ka tafi wajen mahauta da sassafe kafin rana ta yi kafin ƙuda ya sauka, na saniya ko na tunkiya ko na akuya duk ya yi, huhu ya fi arha kuma ba maiƙo a jikinsa shi ya sa na fi yawaita shi. Ka duba da idonka ka shafa da hannu, in ka ga wani ƙulli mai ruwa a cikin hantar ko huhun kar ka saya, in kuma a gida aka yi yanka ka gan shi, kar a yanke wurin a jefa wa kare yadda aka saba, a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone. Wannan ƙullin 'ya'yan wata ƙaramar tsutsar ciki ce, kare ya ci ɗanye ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa ya manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida, yaro ya yi wasa da kare ya kai hannu baki shikenan irin ƙullin ya fito masa a hanta ko huhu bayan shekaru, kuma sau da yawa sai an yi masa tiyata a asibiti ake cirewa. Lokacin layya ne abin ya fi yawa saboda kowane gida ana fiɗa ana watsa wa karnuka kayan ciki. Shi ya sa ni ɗanyen kayan ciki bana ba kare ko da ya yi kyau a ido, tafasawa tukuna.

Ka wanke, ka yanke duk kitsen da ke jiki, ka zuba a tukunya da ruwa zalla, ya tafasa kamar minti 20, in yankan manya ne ka ƙara, gwajinsa ka yanka tsakiya ka ga ba sauran ja ko jini. Huhu tasowa yake saman ruwa yana kumfa, ka riƙa danna shi da ludayi kana juyawa, tukunyar kuma ta zama babba don yana iya zubowa. In ya dahu ka tsame ya huce, ruwan kar ka zubar zan zo kansa. Sai yanka, ƙanana ƙanana girman ƙwayar gyaɗa zuwa kan ɗan yatsa, ko siri siri in kana son wanda zai ɗan tauna, duk yadda ka yi dai kar ya yi kauri don mai kauri waje ke bushewa ciki na nan da danshi kuma daga nan yake ruɓewa. Ka baza a faifai ko tire ba ɗaya kan ɗaya ba, ka rufa da tsohon gidan sauro mai tsafta saboda ƙuda, ka ɗora a sama kan rumfa ko kwano inda shi karen da kyanwa da shirwa ba za su kai ba, da yamma ka shigar ɗaki saboda raɓa. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, iskar nan busasshiya kwana 2 zuwa 3 ta gama maka aiki, haka ma bazara. Da damina kam kar ka dogara da rana, ka ɗora waya a kan garwashin da ya lafa, nesa da wuta, ka bar shi yana bushewa a hankali kana juyawa, ba gashi kake ba busarwa kake, in ya fara baƙi wutar ta yi yawa. Mai fur na gas, wato tanderun gashi, ya sa a mafi ƙanƙantar wuta ya bar ƙofar a ɗan buɗe awa 2 zuwa 3. Alamar ya yi, ka karya ɗaya ka ji ƙas, ciki a bushe, in yana lanƙwasuwa da saura.

Hanta fa ba a cika ta, tana da bitamin A da yawa, kullum kullum da yawa yana taruwa ya taɓa ƙashi da gaɓoɓi, kuma ko a rana ɗaya in ta yi yawa zawo take sa shi. 'Yan ƙwayoyi uku huɗu sun isa matsakaicin kare, sauran ka cike da huhu.

Na biyu dankali, na Hausa mai zaƙi ba na Turawa ba. Ka wanke ka fere in kana so, ka yanka a tsaye tsawon yatsa, kauri kamar rabin santimita, ka turara ko ka tafasa minti biyar ya ɗan yi laushi amma kar ya farfashe, sai shanya yadda aka yi wa huhu. Shi wannan ba sai ya yi ƙas ba, in ya yi yauƙi yauƙi yana lanƙwasuwa ya fi daɗin tauna, sai dai irin wannan baya jimawa, kwana uku huɗu ka ƙarar. Mai jan ciki ya fi amfani in ka samu. Karas ɗanye ma ana bayarwa haka nan a yanka, wani kare yana so wani ya shinshina ya wuce, kar ka matsa masa. Ɗanyen rogo kam a'a, da dankalin Turawa ɗanye ko wanda ya yi kore ko ya tsira, duk akwai guba a ciki.

Na uku biskit, wannan shi ne mai ɗan aiki amma yana auki kuma yara suna son taya yankawa. Garin gero ko na dawa ko na shinkafa kofi ɗaya, fulawa kofi ɗaya, dafaffiyar kabewa da aka murje rabin kofi zuwa kofi, ƙwai ɗaya, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu na cin abinci. Fulawar amfaninta ta riƙe ƙullun, don garin gero shi kaɗai warwarewa yake. Ba yis ba sukari ba gishiri ba bota ba madara. In kana son ƙanshi ya kama shi sosai ka daka ɗan busasshen huhun nan ka barbaɗa a ciki, in ƙullun ya yi tauri ka sassauta da ruwan tafasar hantar, cokali cokali, har ya haɗu baya manne wa hannu. Ka murza da kwalba ya yi faɗi, kauri rabin santimita, ka yanka da wuƙa ƙanana, ba sai ka nemi abin fitar da siffa ba, marfin kwalba ma ya isa. Mai fur ya gasa a wuta digiri 180 minti 20 zuwa 25, in ya yi ya kashe wutar ya bar su ciki su huce su ƙara bushewa. Wanda ba shi da fur ya yi yadda iyayenmu mata ke gasa gato, yashi mai tsafta a gindin babbar tukunya, a bari ya yi zafi, a ɗora tire a kan duwatsu uku ko gwangwani, a rufe a zuba ɗan garwashi a kan marfi, a riƙa leƙawa don ƙasan ya fi saurin ƙonewa.

Maganar gyaɗar nan ina so a kula sosai. Ka tsince ta da kanka kafin a soya a markaɗa, duk wadda ta motse ko ta canja kala ko ta yi fumfuna ko ɗaci ka zubar, haka ma masara da gero da suka sha danshi a buhu. Fumfunar gyaɗa da masara tana yin wata guba mai cin hanta, kare kuma yana cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, suya da gashi basa kashe ta. Mutane sukan ce wannan garin ya lalace a ba kare, wallahi wannan kalmar ta kashe karnuka da yawa. Ƙuliƙuli na kasuwa akwai gishiri wani har da yaji, in kana son ba shi ka karɓi tunkuza wajen mai yi kafin ta sa komai.

Kifi ma ana yi, mu nan ga na Binuwai ga na Lagdo. Ka dafa shi ya dahu, ka zare ƙaya tsaf da hannu, ka marmasa a cikin ƙullun biskit ko ka busar da tsokar. Abin da ba a yi shi ne watsa wa kare ɗanyen hanjin kifi da ƙananan kifaye a bakin ruwa, kuma 'yan uwa na Cadi sun fi mu sanin wannan, tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a garuruwan bakin kogin Shari, a 2019 karnukan da suka kamu sun kusa dubu biyu, kuma abin ya tsallako ɓangarenmu wajen Gere kusa da Yagwa a bakin Logon. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ta roƙon mutane su binne hanjin kifi su ɗaure karen da ya kamu kar ya shiga ruwa. In kana wannan yankin ka riƙe shi da muhimmanci, in ma ba can kake ba dafawa ba ta rage ka da komai. Busasshen kifin kasuwa ni bana so saboda wasu na fesa masa maganin ƙwari don kar ya yi tsutsa.

Ruwan tafasar da na ce a ajiye, ka bar shi ya huce ka kwashe maiƙon da ya taso, in kana da firigo kuma kuran, wato wutar lantarki, ya zauna ka zuba a abin ƙanƙara ko ƙananan kofuna ya daskare. Watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke wuce 40 kare na kwance harshe a waje, ka ba shi ɗaya a kwanonsa a inuwa ya yi ta lasa. Kankana da gwanda ma sun yi in ka cire 'ya'ya da ɓawo, ayaba kaɗan, kindirmo cokali ɗaya in cikinsa na ɗauka don wasu karnukan nono zawo yake sa su. Amma duk wannan bayan ruwa ne, ruwa mai tsafta a inuwa safe da rana da dare, kar a ɗaure dabba a rana a bar ta da busasshen kwano, duk mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi.

Ajiya kuma, sai ya huce sarai kafin ka rufe, a kwalba mai marfi ko gwangwani busasshe, banda leda don tana sa gumi. Biskit mako ɗaya a waje, a firigo ya kai biyu, busasshen huhu da hanta in sun bushe ƙas suna kai mako biyu da hunturu, da damina ka yi kaɗan kaɗan na 'yan kwanaki. Kullum ka buɗe ka shinshina, ka ga fari fari ko kore ko wari ya canja ka zubar duka, kar ka tsince masu kyau. Ka rubuta a jikin kwalbar na kare ne ka ɗora sama saboda yara, kwanonsa kuma daban yake da na gida, a wanke shi daban, a wanke hannu da sabulu bayan an ba shi.

Yawan da za ka ba shi, ƙwalama duka kar ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ci a rana, in ta wuce sai ya ƙi abincinsa ko ya yi teɓa, karen gadi mai teɓa kuma ba gudu ba juriyar zafi. Sabon abu ka fara da ɗaya ko biyu ka duba kashinsa washegari, in ya yi zawo ko yana ta susa ka dakatar da wannan ɗin. Ɗan kwikwiyo ka marmasa masa ko ka jiƙa, tsohon kare mai ciwon haƙori shi ma haka. Kuma kar ka riƙa bayarwa haka kawai duk sanda ya kalle ka, ka sa ya yi wani abu, ka kira sunansa ya zo ka ba shi, ka ce zauna ya zauna ka ba shi, a take a lokacin ba bayan minti ɗaya ba don shi abin da ya yi a wannan daƙiƙar yake haɗawa da ladan. Minti biyar safe da yamma kafin cin abinci ya isa, za ka ga ya fi jin magana fiye da wanda ake duka, duka tsoro kawai yake koya masa kuma kare mai tsoro shi ke cizo. Ka sa a tafin hannu a buɗe ba a tsinin yatsu ba, yaro kuma ya ajiye a ƙasa ya ja baya kuma babba na tsaye. Abu ɗaya da nake so masu gadi su lura, mutanen gida kaɗai su riƙa ba shi, in kowane baƙo na miƙa masa yana karɓa toh ranar da ɓarawo ya jefo nama ta katanga ma zai karɓa.

Tunda hannunka zai riƙa zuwa kusa da bakinsa, allurar haukan kare dole ce, daga wata uku, kuma a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a katinsa, a haɗa da maganin tsutsa. A Njamena da aka yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013 aka yi wa kusan karnuka bakwai cikin goma, cutar ta ja baya sosai a birnin, kaga abin yana aiki. In haƙori ya karce ka ko da wasa ne ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ka tafi asibiti ranar.

In kuma ya riga ya ci ɗaya daga abubuwan can na sama, goro ko shokola ko zabibi ko miya mai albasa da yawa, kar ka tsaya ɗura masa manja ko madara, basa karya guba kuma yana iya shaƙewa su tafi huhu, kar ka ba shi parasitamol ko ibuprofen na mutane su ma guba ne a jikinsa. Ka ɗauki fakitin ko ragowar abin da ya ci, ka tuna lokacin da ya ci da kamar nawa ne, ka kai shi wajen likitan dabbobi tun yana tsaye da ƙafarsa, awa biyun farko ne ake iya sa shi ya amayar kafin abin ya bi jini.